Inda aka kwana a aikin tsara daji da ruwa tare da ƙaramar hukuma

13 ga Janairu, 2025

Zan riƙa ajiye bayanin aikin nan kaɗan-kaɗan yadda yake tafiya, don mutane sun dame ni da tambaya wai ina aka kwana, kuma akwai masu son fara irinsa a wajensu. Maganar dai ita ce ƙaramar hukuma ta kafa kwamiti da zai fitar da tsari na shekara biyar kan yadda za a riƙa amfani da dajin da muke dashi, da makiyaya da burtali, da tafki da fadamar da ke bakinsa, har da yashin da masu tifa ke kwasa a rafi. A kwamitin akwai daraktan sashen gona da albarkatun ƙasa, da malamin daji, da kansiloli, da wakilan masu gari, sai mu 'yan ƙungiyoyin sa kai, ni aka ba wa riƙon rubutu.

Yau akayi zaman farko kuma tun daga nan aka fara kai ruwa rana. Muna zama sai aka raba mana wata takarda mai kauri, ashe tsarin ne gaba ɗaya an riga an rubuta, wani ƙwararre aka ɗauko ya zauna a ofis ya haɗa shi, abin da ake so damu kawai mu kira taro a kowace mazaɓa a karanta wa mutane su sa hannu a rajista a ɗauki hoto shikenan. Gaskiya mutumin ya san aikinsa, akwai hoton tauraron ɗan adam akwai bayanin yadda dajin ya ragu, amma babu inda aka faɗi waye ke shiga dajin, me yake ɗebowa, a wane wata, kuma in an hana shi ina zai dosa. Na ce wa darakta yallaɓai in muka kai wannan haka mutane za su sa hannu kam don ba mai ƙi a gaban mai gari, amma ranar da muka juya baya gatari zai koma daji, tunda ba da su aka yi ba ai ba tasu bace.

Kuma ba wani sabon abu muka zo dashi ba fa. Tun taron duniya kan muhalli da akayi a Riyo ta ƙasar Burazil a 1992, ƙa'ida ta 10 cikin sanarwar taron cewa tayi maganar muhalli tafi tafiya daidai in an sa duk waɗanda abin ya shafa a ciki, kuma babi na 28 na Ajanda 21, wato tsarin aikin da aka amince dashi a taron, kacokan kan ƙananan hukumomi yake, aka ce su zauna da jama'arsu su fitar da tsari tare. An tashi dai ba a gama ba, darakta ya ce zai kai wa ciyaman.

27 ga Janairu

Alhamdulillahi ciyaman ya yarda a ajiye waccan takarda a gefe a matsayin bayanin ƙwararru, mu fita ƙauyuka tukuna. Yau muka fara, kuma wallahi abin da na gani ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Bamu fito da taswirar ofis ba, fili aka share a gindin bishiya aka ce mutane su zana ƙasarsu da kansu, rafi aka ja shi da toka, duwatsu suka zama ƙauyuka, karare suka zama hanyoyi, ganye ya zama daji. Da farko kowa ya yi shiru ana kallon juna, sai wani dattijo ya miƙe ya ture dutsen da wani yaro ya ajiye da sandarsa ya ce kai ba nan mashayar take ba, matsar da ita gabas, nan take wurin ya ɗauki hayaniya kowa na gyara na wani, har waɗanda suka tsaya daga nesa suka matso.

Da aka gama muka shimfiɗa ta ofis kusa da ita. Burtalin da taswirar ofis ta nuna da faɗinsa ya ratsa har tafki, a ƙasa an cinye shi gonaki sun haɗe, wani wurin ma saniya biyu ba za su jera ba. Akwai kuma wani ɓangare na dajin da a takarda ba a bambanta shi da saura ba amma mutanen wurin sun ce su da kansu basa sara a nan tun zamanin kakanni saboda nan idon ruwa yake, in aka yaye shi rijiyoyi na ƙafewa da wuri. Malamin daji da kansa ya ce bai taɓa sanin wannan ba. Dattijon nan ya ce masa malam ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ɗauki hoton zanen da waya kafin awaki su tattake, zamu mayar dashi kan takarda.

10 ga Fabrairu

Wannan makon zaman mata muka yi daban, don a tarukan baya in ma sun zo a baya suke zama kuma ba mai cewa uffan. Wasu 'yan kwamiti sun ga kamar ɓata lokaci ne wai ai mazajensu sun riga sun yi magana, to sai ga shi zaman nan shi ya fi kowanne canza tsarin. A taron maza an amince a rufe ɓangaren dajin da ke kusa da gari na shekara uku ya farfaɗo, kowa ya ce madalla. Da aka faɗa wa mata sai wata tsohuwa ta ce ɗana, waye a cikinsu ya taɓa ɗauko itace a ka? Wannan ɓangaren da aka ce a rufe nan suke samun itacen girki da ganye da saiwar magani, in an rufe sai sun tsallaka rafi su tafi can ciki, tafiyar da za ta cinye musu safiya gaba ɗaya kuma 'yan mata ake aika, ga batun tsaro ga makaranta. Su suka kawo shawara da kansu, a raba wurin gida-gida a riƙa rufewa bi da bi, kuma ko a wanda aka rufe a bar tsintar busasshen itace da hannu, gatari da adda ne kawai ba a shiga dasu.

Ni a ganina a nan ake gane ko da gaske ake tafiya da jama'a ko kuwa suna ne kawai. Wata Ba'amurkiya Sherry Arnstein tun 1969 ta raba yadda ake tafiya da jama'a zuwa mataki takwas, daga can ƙasa inda ake juya mutane kawai har sama inda su ke da ikon yanke hukunci, kuma jin ra'ayi zalla a tsakiya ta ajiye shi cikin abubuwan da ake yi don a ce anyi. In an saurari mutum aka rubuta aka tafi amma ko layi ɗaya bai motsa a taswira ba to ba a yi komai ba. Mu dai yau layi ya motsa.

Abin da ke damuna yanzu makiyaya. Yawancinsu sun tafi da dabbobi neman ruwa da ciyawa sai damina ta kusa za su dawo, waɗanda suka rage tsofaffi ne da yara. Na roƙi kwamiti kar a yanke komai kan burtali da mashaya sai sun dawo, an yarda amma da ƙyar.

3 ga Maris

Ba wani ci gaba. Kuɗin mota da na mai ba a saki ba, fayil ɗin na nan yana yawo daga tebur zuwa tebur. Mun sa wa wasu ƙauyuka rana bamu je ba, kuma wannan yafi rashin kuɗin ciwo don mutum ya bar aikinsa ya zauna jiranka. Na bi su ta waya na ba da haƙuri.

24 ga Maris

An saki wani abu daga kuɗin, mun fara bin iyaka da ƙafa. Muna tafe da waya mai nuna wuri ana ɗaukar lamba a kowace kwana, dattawan ɓangarori biyu na gaba mu muna biye, duk inda aka amince sai a kafa turke a shafa fenti kafin a samu na siminti. Yawanci lafiya lau aka wuce, sai a bakin fadama ƙauyuka biyu suka tsaya kowa ya ce wata tsohuwar tsamiya ce iyaka amma kowa da tsamiyar da yake nufi, tsakaninsu kuma akwai fili mai kyau da ake noman rani. Rana ta take, murya ta fara tashi, sai kansilan wurin ya ce a bar wannan gaɓar a sa mata jan fenti a ci gaba, a dawo mata a zama na musamman. Dabara ce mai kyau don da an tsaya nan da aikin ranar duk ya rushe.

Wasu na cewa me ya kawo wahalar bin iyaka, ai da an rubuta doka kawai. To dokar a kan wa za ta hau in ba a san inda abu ya fara da inda ya ƙare ba, ba a kuma san su waye masu haƙƙi ba? Akwai wani masani Garrett Hardin da ya rubuta a 1968 cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai ƙarshensa lalacewa ne don kowa zai ɗiba iya ƙarfinsa, mutane da yawa suka ɗauka mafita sai dai gwamnati ta ƙwace ko a sayar wa mutum ɗaya. Sai Elinor Ostrom ta bi wurare ta duba da idonta, makiyayar kan duwatsu a Siwizalan, dazukan ƙauyuka a Jafan, ruwan ban ruwa a Sifen da Filifin, ta tarar akwai jama'ar da suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna kula da kayansu bai ƙare ba, ta fitar da sharuɗɗa takwas da ta ga suna maimaituwa, na farkonsu kuwa iyaka ce bayyananna, ta wurin da ta masu amfani dashi. A kan wannan aikin ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, mace ta farko kenan. A ƙauyen Torbel na Siwizalan tun 1517 suke da ƙa'ida cewa ba mai kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da kansa a lokacin hunturu, ka ga ƙa'ida ɗaya gajeriya wadda kowa zai iya dubawa da idonsa. Irinta muke nema.

14 ga Afrilu

Zaman ƙa'idoji da tara. Nan ma an sha muhawara musamman kan masu gawayi, matasa sun so a hana kwata-kwata a kama duk wanda aka gani a miƙa wa 'yan sanda. Muka gayyato masu gawayin su ma, da farko sun ƙi zuwa sun ɗauka tarko ne, da suka zo ɗaya daga cikinsu ya ce shi ba don yana so yake kwana a daji cikin hayaƙi ba, gonarsa bata kai shi rabin shekara, kuma manyan masu sara ba 'yan nan bane, da mota suke zuwa da injin yanka katako da takardar izini a hannu wadda ba wanda ya san inda aka buga ta. Wurin ya yi tsit don kowa ya san gaskiya ya faɗa.

Abin da aka tsaya a kai, 'yan gari masu gawayi za su yi rajista a ware musu wuri, ba a taɓa bishiyar da ke ba da 'ya'ya ko wadda ke bakin ruwa, kuma a riƙa sassabe reshe a bar kututture ya tofo maimakon a tumɓuke. Hukunci kuma hawa-hawa, karo na farko gargaɗi a gaban kwamitin ƙauye, na biyu tara ƙarama, na uku a ƙwace kayan aiki a kai ƙaramar hukuma. Na goyi bayan wannan sosai don in ka ce laifin farko sai kotu to ba mai kai ƙarar maƙwabcinsa, sai kowa ya kau da kai dokar ta mutu a takarda. Masu sa ido kuma jama'a za su zaɓa a bainar taro kuma su za su iya cire su, ba naɗi daga ofis ba. Sai batun rikici, an ce a sa rana ɗaya tsayayya da za a riƙa sauraron ƙorafi a fili ba tare da an biya komai ba. Na ba su labarin Balansiya ta ƙasar Sifen inda har yau manoman ban ruwa ke zama duk ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin su yanke hukuncin rikicin ruwa da baki a take, mutane suka ce to mu ma me zai hana.

12 ga Mayu

Yau aka zo inda na san dama za a zo, wato kuɗi. Kuɗin izinin itace da gawayi da yashi da kamun kifi duk asusun ƙaramar hukuma suke shiga, jama'a kuma cewa suke mu za mu yi gadi mu kashe gobarar daji mu hana kanmu sara sannan ko sisi bamu gani? Ma'aji ya ce shi ma da gaskiyarsa, kuɗin shigar da ƙaramar hukuma ke tarawa kaɗan ne kuma in an yanke wani kaso da me za a biya malaman daji.

Muka samu ganin ciyaman. Na ce masa ranka ya daɗe wannan gaɓar ita ke kashe irin wannan aiki ko ta raya shi, kuma an gani a wurare. A Zimbabuwe shirin CAMPFIRE da aka fara a 1989 don jama'ar karkara su amfana da kuɗin namun daji, ikon da aka sauko dashi a hannun majalisun gundumomi ya tsaya bai ƙarasa ga ƙauyuka ba, kuma ƙorafin da aka daɗe anayi shi ne majalisun na riƙe kaso mai yawa su kuma jinkirta na jama'a, alhali su giwa ke cinye wa gona. A Nefal gwamnati ta mayar da dazuka nata a 1957 mutane suka daina ganin dajin a matsayin nasu aka yi ta sara, sai da dokar daji ta 1993 ta ba ƙungiyoyin masu amfani da daji ikon kula da shi da riƙe kuɗin da ya fito, yanzu ƙungiyoyin sun haura 22,000 kuma dajin ƙasar ya dawo sosai. A Nijar ma tun 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara inda harajin ake raba shi tsakanin ƙauye da hukumar yankin da baitulmalin ƙasa, kuma da manoma suka tabbata bishiyar da suka raina a gonarsu tasu ce sai ga wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, ana ƙiyasta bishiya miliyan 200, mafi yawa ba dasawa akayi ba kututture aka bari ya tofo.

Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba ya ƙin a raba amma sai majalisar kansiloli ta amince kuma sai an ga yadda za a tsare kuɗin kar ya ƙare a aljihun mutum biyu a ƙauye. Wannan magana tasa gaskiya ce ban musa ba, don ba a ofis kaɗai ake cin amana ba. Muka ba da shawarar asusun banki na kwamitin ƙauye mai sa hannun mutum uku dole ɗaya mace, rasit mai lamba, kuma duk wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a a kuma manna a allo. Kason kowa dai ba a tsayar ba.

16 ga Yuni

Makiyaya sun dawo, mun zauna dasu a rugarsu da yamma bayan an dawo kiwo. Sun ce wannan ne karo na farko da aka zo aka tambaye su kafin a yanke, da sai dai su dawo su tarar an kafa allo. Buƙatarsu bata da yawa, a buɗe burtali har bakin tafki, a bar musu mashaya ɗaya da masu lambu ba za su kewaye ba, a kuma sa ranar da za a riƙa sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi kowa ya san ta. Matsalar ita ce an riga anyi shuka a cikin burtalin, kuma wasu masu gonakin gado suka ci basu ma san burtali bane. An yi zama mai zafi da su, a ƙarshe aka amince bana ba za a taɓa shukar kowa ba, makiyaya za su bi wata hanya ta wucin gadi da aka nuna musu, bayan girbi a kafa turakun siminti, waɗanda gonarsu ta shiga sosai ƙaramar hukuma ta duba musu wani wuri. Wannan alkawarin na ƙarshe na nace sai da aka rubuta shi da sunan ofishin da zai cika da watan da za a cika.

Rikicin tsamiya kuma an sasanta, filin da ke tsakani ya zama na tarayya ƙauyukan biyu za su riƙa rabon noman rani tare.

21 ga Yuli

An gama rubuta daftarin, gajere ne kuma da harshen da mutane ke ji, an zaga an karanta shi da baki a duk inda muka zauna a baya, an yi gyara a wurare kaɗan, mafi muhimmanci mata sun sa an ƙara cewa ba za a canza wurin da aka rufe ba sai da zamansu. Yanzu saura majalisar kansiloli ta mayar da ƙa'idojin dokar ƙaramar hukuma, don in ba haka ba mai motar nan da injinsa zai ce wa mai sa ido waye kai, kuma kotu ba za ta kama shi da takardar da ba doka ba. A Tanzaniya haka suke yi ƙarƙashin dokar filayen ƙauye ta 1999 da dokar daji ta 2002, ƙauye ya tsara ƙa'idojinsa majalisar gunduma ta amince sannan su zama doka. Muna kuma so a sa wa aikin layinsa a kasafin kuɗin baɗi, ko da na turakun siminti da alawus ɗin masu sa ido ne.

Abu biyu har yanzu a buɗe suke, kason kuɗin izini da maganar yashi, don masu tifa basu zo ko zama ɗaya ba kuma ramin da suke yi ya kusa cin gindin gada, an sake aika musu takarda ta hannun shugabansu. An sa zaman majalisa a farkon watan gobe kuma zama ne da jama'a ke iya shiga su saurara, don haka wakilan ƙauyuka da na mata da na makiyaya duk wanda ya samu hali don Allah ya zo, zan sanar da rana da lokaci da zarar akawun majalisa ya tabbatar min.